Harsunan Bangali Da Tamil A Faɗin Duniya: Izina Gare Mu Mutanen Kudancin Kano



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai kowa Mai komai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka.

A wurin da yawa daga cikinmu, duk mutumin da ya fito daga wancan sashe na Asiya Ba'indiye ne, kuma duk abin da ya fito daga bakinsa Indiyanci ne. Ƙannenmu suna kallon finafinan Indiya da aka fassara zuwa Hausa, alhali da yawa daga cikinsu da harsunan kudancin ƙasar aka yi su, irin su Tamil da Telugu, waɗanda mai jin Hindi kaɗai ba ya gane su. Alhazanmu kuma sukan dawo da labarin "Bangali", wato masu sharar harami da masu tsaron kantuna a Makka da Madina, waɗanda wasunsu har ciniki suke yi da Hausa. To, su wane ne waɗannan mutane, kuma a ina ake magana da harsunansu? Na ga ya dace mu tsaya mu duba, domin a cikin tarihin harsunan Bangali da Tamil akwai darasin da ya shafe mu kai tsaye, mu mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Ra'ayina shi ne harshen uwa amana ce da Allah Ya ɗora wa kowace al'umma, kuma wanda ya san darajar nasa, wajibi ne ya ga darajar na maƙwabcinsa.

INDA AKE BANGALANCI

Harshen Bangali, wanda masu shi ke kira Bangla, yana cikin harsuna goma mafiya yawan jama'a a duniya. Waɗanda suka buɗe baki da shi sun haura miliyan 230. Gidansa shi ne ƙasar Bengal, inda manyan kogunan Ganges da Brahmaputra ke haɗuwa su zuba a teku. Da Turawan Ingila za su tafi a 1947 sai aka raba ƙasar biyu. Yammaci, inda mabiya addinin Hindu suka fi yawa, ya faɗa cikin Indiya, shi ne jihar Bengal ta Yamma mai babban birni Kolkata. Gabashi, inda Musulmi suka fi yawa, ya zama Pakistan ta Gabas, wadda ita ce Bangaladash a yau. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanen Bangaladash sun haura miliyan 165, kuma kashi 91 cikin ɗari Musulmi ne. A Indiya kuwa ƙidayar 2011 ta sami masu Bangalanci miliyan 97, wato harshe na biyu bayan Hindi, a Bengal ta Yamma da Tripura da kwarin Barak na jihar Assam. Idan ka haɗa Musulmin ɓangarorin biyu, to, in ka ɗebe Larabawa, babu wata al'umma mai harshe ɗaya da ta kai su yawan Musulmi. Wannan kaɗai ya isa ya sa matashin Musulmi ya san da zamansu.

Daga nan neman abinci ya watsa su cikin duniya. Mutanen yankin Sylhet sun daɗe suna aikin jiragen ruwan Ingila, wasunsu suka sauka a Landan ba su koma ba, suka jawo 'yan uwansu. A yau unguwar Tower Hamlets da ke gabashin birnin ita ce cibiyarsu, har a 2022 aka rubuta sunan tashar jirgin ƙasa ta Whitechapel da haruffan Bangali a gefen na Turanci. Babban masallacinsu na titin Brick Lane gini ne da aka fara a matsayin coci, ya koma wurin ibadar Yahudawa, sannan ya zama masallaci a 1976. Akwai su a New York da Roma da Malesiya da Singafo. Mafi yawansu a waje kuwa suna ƙasashen Larabawa na yankin Gulf. Ƙidayar Saudiyya ta 2022 ta nuna 'yan Bangaladash sun haura miliyan biyu a ƙasar, sun fi kowane rukunin baƙi yawa. Su ne waɗanda alhajinmu ke gani riƙe da tsintsiya da tsakar dare a filin harami.

INDA AKE TAMILANCI

Tamil bai kai Bangali yawan jama'a ba, masu shi kimanin miliyan 80 ne, amma ya girme shi nesa ba kusa ba, domin rubutaccen adabinsa ya kai shekara dubu biyu. Ba su ma haɗa dangi ba: Bangali ɗan uwan Hindi da Urdu ne, Tamil kuwa daga zuriyar harsunan Dravida ya fito, kuma kowanne da irin haruffansa. Gidansa jihar Tamil Nadu ce a kudancin Indiya, mai babban birni Chennai wanda a da ake kira Madras, sai kuma arewaci da gabashin tsibirin Siri Lanka. Ƙidayar Indiya ta 2011 ta ba shi miliyan 69. Harshen gwamnati ne a Siri Lanka, haka kuma a Singafo yana cikin harsunan gwamnati huɗu tare da Turanci da Sinanci da Malay.

Ta hanyoyi uku Tamilawa suka bazu. Ta farko fatauci ne. Tun ƙarnoni da suka shuɗe 'yan kasuwar garuruwan gaɓa irin su Kayalpatnam da Kilakarai da Nagore, waɗanda galibinsu Musulmi ne, suke ratsa teku zuwa gabas, kuma su ne suka gina masallacin Kapitan Keling a Penang da masallacin Jamae a Singafo. Ta biyu ƙwadago ne. Bayan an haramta bauta a daular Ingila a shekarun 1830, sai masu manyan gonaki suka koma ɗebo lebura daga Indiya bisa yarjejeniyar wasu shekaru, yanayin da bai yi nisa da bautar ba. Aka kai Tamilawa gonakin shayi a Siri Lanka, gonakin roba a Malaya, da gonakin rake a Morishiyas da Reunion da Fiji da Afirka ta Kudu. Jirgin farko mai suna Truro ya taso daga Madras ya isa Durban a watan Nuwamba na 1860. Hanya ta uku ita ce gudun hijira, domin yaƙin Siri Lanka da ya ɓarke a 1983 ya kai dubun dubatarsu Toronto da Landan da Paris da Suwizalan.

Yawancin Tamilawa mabiya addinin Hindu ne, amma akwai tsohuwar al'ummar Musulmi a cikinsu. Musulmin Siri Lanka, waɗanda suka kusa kashi goma cikin ɗari na ƙasar, galibinsu da Tamil suke magana a gida. Abin da zai ba Bahaushe sha'awa shi ne su ma suna da ajaminsu. Sun ɗauki haruffan Larabci, suka ƙara ɗigo da alamomi domin sautukan da babu su a Larabci, suka kira shi Arwi, suka rubuta fiƙihu da wa'azi da wasiƙu da shi, kamar dai yadda malamanmu suka yi. A ƙarni na 17 wani mawaƙinsu, Umaru Pulavar, ya tsara tarihin Manzon Allah (SAW) a cikin waƙen Tamil mai baiti sama da dubu biyar, wanda ake kira Sirapuranam.

INDA HARSHE YA RAYU DA INDA YA MUTU

Ba ko'ina ne harshen ya rayu ba. A Malesiya akwai makarantun firamare sama da 500 da ake koyarwa da Tamil, akwai jaridu da rediyo, kuma yara suna tashi da shi. A Durban kuwa jikokin waɗanda suka sauka daga Truro suna nan da yawansu, suna riƙe da sunayensu da abincinsu, amma mafi yawansu Turanci ne harshensu na farko. Labarin Morishiyas ya fi ban tausayi. A 1998 aka fitar da sababbin takardun kuɗi inda aka ɗora rubutun Hindi a saman na Tamil, saɓanin yadda aka saba. Tamilawa suka fito zanga-zanga har sai da aka janye takardun. Amma a cikin gidajensu, yawancin masu wannan kishi da harshen Kiriyol suke magana da 'ya'yansu. Harshen ya tsira a jikin kuɗi, ya kuma kuɓuce daga bakin yara.

Duk wanda ya san tarihin Hausawa zai ga kamar labarinmu ake ba shi, domin mu ma ta irin waɗannan hanyoyi muka bazu. Fataucin goro ya kai kakanninmu Salaga da Kumasi, suka kafa zanguna, har Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zama babban malami a Kete Krachi inda ya rasu a 1934. Aikin hajji da hijira sun kai su gabas: bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa Sudan, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu kusa da Sennar. Wasu suka ƙetara suka zauna a Makka da Madina da Jidda, shi ya sa za ka ji sunan Hausawi a Saudiyya, har Usama Hausawi ya zama kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙafar ƙasar a gasar cin kofin duniya ta 2018. Bauta kuma ta kai wasu Bahia ta ƙasar Burazil, inda suka shirya bore a 1807, suka kuma shiga na Musulmi na 1835. A zangunan Gana Hausa tana nan da ranta, har waɗanda ba Hausawa ba da ita suke ciniki, saboda makarantar allo da masallaci da kasuwa sun riƙe ta. A Bahia kuwa ta ɓace ƙurmus, sai dai labari a littattafan tarihi. Abin da na fahimta daga duk wannan shi ne harshe yana rayuwa ne inda uwa ke rarrashin ɗanta da shi, malami ke fassara karatu da shi, kuma ake rubuta shi. Inda waɗannan suka yanke, yawan jama'a da tsohon tarihi ba sa cetonsa.

DHAKA DA KATTANKUDY

Akwai wani ɓangare na tarihin harsunan nan da ya fi wannan nauyi, domin an zubar da jini a kansa. An kafa Pakistan da sunan Musulunci, kuma Bangalawa su ne suka fi yawa a cikinta. Duk da haka, a watan Maris na 1948 Muhammad Ali Jinnah ya tsaya a birnin Dhaka ya ce Urdu ne kaɗai zai zama harshen ƙasa. Wasu manya a lokacin suna ganin Urdu ya fi kusa da addini tunda da haruffan Larabci ake rubuta shi, Bangali kuwa suna masa kallon harshen Hindu. Ran 21 ga Fabrairu, 1952, 'yan sanda suka buɗe wuta a kan ɗaliban da suka fito neman haƙƙin harshensu, aka kashe wasu daga cikinsu. An amince da Bangali a tsarin mulkin 1956, amma zukata sun riga sun ɓaci, ga kuma wariyar arziki da ta siyasa da ta biyo baya. Ƙarshenta sai yaƙin 1971, inda Musulmi ya kashe Musulmi ba adadi, ƙasar ta dare gida biyu. Saboda tunawa da waɗancan ɗalibai ne hukumar UNESCO ta keɓe 21 ga Fabrairu a matsayin ranar harshen uwa ta duniya a 1999.

A Siri Lanka kuma masu rinjaye ne, wato Sinhalawa, suka kafa doka a 1956 cewa harshensu ne kaɗai na gwamnati. Ma'aikacin da Tamil ne harshensa ya wayi gari sai ya koyi Sinhala ko ya rasa ci gaba a aikinsa. Gaba ta yi ta ruruwa har ta zama yaƙin da aka yi daga 1983 zuwa 2009. An mayar wa Tamil matsayinsa a 1987, bayan wuta ta riga ta kama. Abin da ya kamata Musulmi ya lura da shi a nan shi ne abin da 'yan tawayen Tamil Tigers suka yi wa Musulmin da suke harshe ɗaya da su. Ran 3 ga Agusta, 1990, suka afka wa masallatai a garin Kattankudy ana cikin salla, suka kashe sama da mutum ɗari. A watan Oktoba na shekarar suka kori dukkan Musulmin lardin arewa, dubun dubatar mutane, aka ba na birnin Jaffna 'yan sa'o'i kawai su bar gidajen da aka haife su a ciki.

Ka duba da kyau, ya ɗan uwa mai karatu. A Pakistan addini ɗaya ne, harshe daban, aka yi jini. A arewacin Siri Lanka harshe ɗaya ne, addini daban, aka yi jini. A duka biyun abin da aka rasa shi ne adalci, wato mai ƙarfi ya ƙi yarda cewa na kusa da shi yana da haƙƙin zama yadda Allah Ya halicce shi. Hausawan Sudan ma sun ɗanɗani irin wannan a rikicin jihar Blue Nile na 2022, inda aka ce musu baƙi ne a ƙasar da kakanninsu suka haura shekara ɗari a cikinta.

MU DAWO GIDA

Hausawa suka ce in gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda ya bi hanya daga Kwanar Ɗangora ya ratsa Tudun Wadan Ɗankadai, ya keta dajin Falgore ya nufi Saminaka, ya san cewa yankinmu ba harshe ɗaya ke cikinsa ba. Akwai Fulanin da ke rugage da Fulfuldensu. Akwai Kurama, waɗanda ke kiran kansu Akurmi, a ƙasar Doguwa da Tudun Wada har zuwa Lere a Jihar Kaduna. Haƙar kuza ta tara mutane daga wurare dabam-dabam a Riruwai, haka ma madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 ta jawo masunta da manoman rani. Akwai kuma Hausawa 'yan uwanmu na jini waɗanda ba Musulmi ba ne, jikokin Maguzawa, waɗanda Hausarsu wani lokaci ta fi tamu tsabta. A nan gida mu ne masu rinjaye, Hausa ce harshen kasuwa da masallaci da rediyo da siyasa. Saboda haka idan muna neman inda muke a cikin labarin da ya gabata, gaskiya ita ce mun fi kusa da matsayin mai ƙarfi, kuma tambayar da ke kanmu ita ce yadda muke riƙe da wannan ƙarfi.

Ban ce akwai wata doka da ta hana kowa harshensa a Kano ba, kuma alhamdu lillahi Hausa ta zama igiyar da ta ɗaure mu. Amma akwai abin da ke yin aikin doka a hankali, shi ne raini. Mu ne muke kiran harshen wani "yare" da wata irin murya, mu kira mai shi "ƙabila", kamar mu ba ƙabila ba ne. Mu ne muke dariya idan Bafulatani ya karya Hausa a kasuwa. Yaron da aka yi wa dariya sau biyu zai daina harshen iyayensa a gaban mutane, ya girma yana jin kakarsa amma da Hausa yake mayar mata, ɗansa kuma ba zai ji ko kalma ɗaya ba. Gidajen sarautar Fulani na Kano sun isa misali, domin yau Hausa ce harshensu. Sa'annan a shekarun da satar shanu da garkuwa da mutane suka yi ƙamari a dajin Falgore, mun ga yadda jin Fulfulde a bakin mutum ya zama dalilin zarginsa, alhali makiyayan ne suka fara rasa dukiyarsu, kuma sahu ɗaya muke bi da su a salla. A ɗaya ɓangaren kuma, rikicin Tudun Wada na watan Satumba, 2007, wanda aka rasa rayuka aka ƙona wuraren ibada da shaguna, ya nuna cewa Hausar da kowa ke ji a garin ba ta isa ta tsare maƙwabtaka ba. Haka nan a Nijar, inda aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, farin cikinmu ba zai cika ba sai idan Bazabarme da Babarbare da Buzu da Bafulatani ba su ji an ture su gefe ba.

Na san akwai masu cewa duk wannan magana ƙabilanci ce, harshen Musulmi Larabci ne, sauran kuwa ko sun rayu ko sun mutu babu asara. Akwai gaskiya a cikin rabin maganar. Larabci shi ne harshen Alƙur'ani da salla, babu harshen da zai maye gurbinsa, kuma neman saninsa ibada ce. Haka nan alfahari da asali har a raina wani, jahiliyya ce da Manzon Allah (SAW) ya yi hani da ita. Sai dai Alƙur'anin da kansa, a aya ta 22 ta Suratur Rum, ya lissafa bambancin harsunan mutane a cikin ayoyin Allah, a jere da halittar sammai da ƙasa. Aya ta 4 ta Suratu Ibrahim ta nuna cewa kowane manzo da harshen jama'arsa aka aiko shi, domin saƙo ya fita sarai. Aya ta 13 ta Suratul Hujurat kuma ta sanya sanin juna ya zama hikimar rarrabuwarmu, ta ajiye fifiko a kan taƙawa. Manzon Allah (SAW) ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa domin wasiƙu, kuma ya taɓa yaba wa ƙaramar yarinya Ummu Khalid, wadda aka haifa a Habasha, sabuwar rigarta da kalmar Habashanci. Wanda ya raina harshen wani, aya ce daga ayoyin Ubangijinsa yake rainawa.

Magabatanmu sun fahimci haka. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta littattafansa da Larabci domin malamai, ya yi wa'azi da waƙoƙi da Fulfulde da Hausa domin talakawa. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da harsunan uku, kuma ta hanyar waƙoƙinta na Hausa ne 'yan taru suka kai ilimi ga matan karkara. A zamaninmu Sheikh Abubakar Mahmud Gumi da Sheikh Nasiru Kabara kowannensu ya fassara ma'anonin Alƙur'ani da Hausa. Kwatanta wannan da Bengal, inda manyan Musulmi suka daɗe suna fifita Farisanci da Urdu a kan harshen talakawansu, har ya zama cikakkiyar fassarar Alƙur'ani ta farko da Bangalanci, wadda aka kammala a 1886, wani masani da ba Musulmi ba ne ya yi ta, mai suna Girish Chandra Sen. Idan masu addini suka bar harshen jama'a, wasu ne za su yi magana da jama'ar a madadinsu.

ABIN DA NAKE ROƘON MATASA

Roƙona na farko shi ne mu riƙe Hausarmu riƙo na gaskiya. Mu da muke yini a intanet mu ne muka fi kowa rubuta ta a yau, kuma mu ne muka fi kowa ɓata ta, da gutsure kalmomi da cusa Turanci inda babu buƙata. Mu koyi ƙa'idar rubutu, mu karanta littattafan Hausa, wanda ya yi makarantar allo kuma kada ya bar ajaminsa ya mutu a hannunsa, domin na Tamilawa ya kusa ɓacewa da zuwan injin ɗab'i da makarantun zamani. Wanda Allah Ya kai Legas ko Jidda ko Landan ya yi wa 'ya'yansa Hausa a gida. Turanci da Larabci za su same su a makaranta, Hausa kuwa in ba ta fito daga bakin iyaye ba, babu mai ba su ita.

Na biyu, mu yi wa harshen maƙwabci abin da muke so a yi wa namu. Ɗalibin ilimi daga Doguwa ko Tudun Wada wanda ke jin Kuramanci ko Fulfulde kada ya ji kunyarsa, ya yi karatu da nasiha da shi, ya ɗauki wayarsa ya naɗi tatsuniyoyi da tarihi daga bakin tsofaffi tun suna raye. Mu kuma da Hausa kaɗai muke ji, mu koyi ko da gaisuwa ce da harshen wanda muke saye da sayarwa da shi, mu kuma cire kalmomin raini daga bakinmu. Kwamitocin masallatai su duba yiwuwar samun mai fassara wa'azi da Fulfulde a ƙauyukan da ke kusa da rugage, musamman saboda mata da tsofaffi.

Na uku ya shafi mai niyyar hajji ko umara. Idan ka ga Babangale yana share inda za ka yi sujada, ka tuna ɗan uwanka ne a Musulunci, ya baro iyalinsa a bakin wani kogi mai nisa yana neman halal, kuma yana da harshen mawaƙi Rabindranath Tagore, wanda ya ci kyautar Nobel tun 1913. Ka yi masa sallama da sakin fuska. Mun san zafin da muke ji idan aka kira mu Takari da muryar wulaƙanci a waccan ƙasa, don haka bai kamata a ji irin wannan murya daga bakinmu ba.

Allah Ya sa mu zama masu adalci ga na kusa da na nesa, Ya zaunar da yankinmu da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya kuma kyautata ƙarshenmu. Amin.